Wa Ke Yi wa Turai Doka, Brussels ko Gwamnatocin da Ke Kuka da Ita?

Sharhinmu na yau zai duba yadda ake yin doka a Tarayyar Turai, ƙungiyar ƙasashe 27 mai mutane kusan miliyan 450, wadda dokarta ke gaba da ta kowace ƙasa a fannonin da aka miƙa mata. Duk mai bin labaran Turai ya saba jin kuka da Brussels, hedkwatar Tarayyar. Manoman Faransa sun tare hanyoyi da taraktoci a farkon 2024 suna cewa ƙa'idojin Brussels sun hana su sakat. Gwamnatin Hangari ta cika titunan ƙasarta da alluna a 2017 tana kiran a taka wa Brussels birki. Masu neman ficewar Birtaniya a 2016 sun gina yaƙin neman ƙuri'arsu a kan cewa za su ƙwato ikon ƙasarsu daga hannun ma'aikatan da babu wanda ya zaɓe su. A ganina wannan kukan rabin gaskiya ne, kuma rabin da ake ɓoyewa ya fi nauyi. Babu wata babbar doka da ke fita daga Tarayyar ba da hannun gwamnatocin ƙasashen ba. Ciwon tsarin yana wani wuri dabam, domin an shirya aikin ta yadda da wuya talaka ya gane wanda zai riƙe da alhaki.

Mafi yawan dokoki hanya ɗaya suke bi, wadda yarjejeniyar Lisbon ta faɗaɗa tun da ta fara aiki a Disambar 2009. Hukumar Tarayyar, mai kwamishinoni 27, ɗaya daga kowace ƙasa, ita ce ke da hurumin rubuta daftari ta gabatar, amma ba ta da ƙuri'a ko ɗaya wajen zartar da shi. Daftarin yana zuwa gaban majalisu biyu. Akwai Majalisar Dokokin Turai mai wakilai 720, waɗanda jama'a ke zaɓa kai tsaye duk shekara biyar tun daga 1979, inda Jamus ke da kujeru 96, Malta kuma shida. Akwai kuma Majalisar Ministoci, wadda kowace ƙasa ke tura wa ministan da batun ya shafa: in maganar noma ce ministocin noma su zauna, in ta kuɗi ce na kuɗi su zo. Sai majalisun nan biyu sun yarda da rubutu iri ɗaya, kalma da kalma, kafin ya zama doka. Rinjayen da ake bukata a wurin ministoci kuwa ba ƙarami ba ne. Sai an samu aƙalla ƙasashe 15 daga cikin 27, kuma jama'arsu ta kai kashi 65 cikin ɗari na al'ummar Tarayyar. Da gangan aka ɗaure abin ta fuska biyu, don kada manya irin su Jamus da Faransa su danne ƙanana, kada kuma tarin ƙananan ƙasashe ya juya masu yawan jama'a yadda ya ga dama. Ƙasashe huɗu na iya tsayar da doka cak, muddin jama'arsu ta haura kashi 35. Saboda haka ministan da ya koma gida yana cewa an yi masa dole, yana cikin ɗakin da aka yanke shawarar, kuma sau da yawa hannunsa na cikin waɗanda aka ɗaga.

Kafin ma ministan ya hau jirgi, an gama yawancin aikin, kuma mutanensa ne suka yi. A ƙarƙashin Majalisar Ministoci akwai kwamitoci sama da 150, waɗanda ma'aikatan gwamnatocin ƙasashen ke zama a cikinsu suna bin daftari layi bayan layi, kowa riƙe da umarnin da aka ba shi daga gida. Abin da ya gagare su sai ya hau zuwa teburin jakadun ƙasashen da ke zaune a Brussels, masu haɗuwa kowane mako. Ɗan abin da ya rage shi ke isa gaban ministoci. A duk waɗannan matakai al'adar ita ce a yi ta gyara har kowa ya samu abin da zai iya kai wa gida, ko da ƙa'ida ta ba da damar a kaɗa ƙuri'a a wuce. Wannan al'ada tana da asali. A tsakiyar 1965 Shugaba Charles de Gaulle ya janye wakilan Faransa daga zaman majalisar, saboda saɓani kan kuɗin tallafin noma da kuma shirin fara yanke hukunci da rinjaye. Kujerar Faransa ta zauna ba kowa har zuwa Janairun 1966, lokacin da aka yi sulhu a Luxembourg a kan cewa in wata ƙasa ta ce batu ya taɓa babban muradinta, za a ci gaba da neman yardar kowa. An rage ƙarfin wannan sulhu daga baya, amma ɗabi'ar da ya haifar tana nan. Ga kuma wani abin da masu kuka ba su cika ambata ba: manyan dokokin Tarayyar iri biyu ne. Wasu suna aiki kai tsaye a kowace ƙasa, wasu kuwa manufa kawai suke kafawa, su bar wa majalisar kowace ƙasa ta rubuta tata dokar cikin wani wa'adi. A wannan gaɓa gwamnatoci kan cusa nasu ƙarin sharuɗɗa, in jama'a sun yi ƙorafi a nuna Brussels da yatsa. In doka ta yi daɗi kuwa, kamar soke ƙarin kuɗin kiran waya ga mai tafiya daga wata ƙasa zuwa wata a Yunin 2017, kowace gwamnati sai ta ce ita ta yi ƙoƙarin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan inda iko yake ita ce abin da ya faru ranar da aka yi watsi da wannan al'ada. A Satumbar 2015, ana tsakiyar kwararar 'yan gudun hijira daga Siriya da sauran wurare, ministocin cikin gida suka kaɗa ƙuri'a a kan raba masu neman mafaka dubu 120 a tsakanin ƙasashen, don a rage wa Italiya da Girka nauyi. Hangari da Jamhuriyar Cek da Sulobakiya da Romaniya suka ƙi, aka rinjaye su. A takarda komai ya cika: ƙa'ida ta ba da dama, kuma kotun Tarayyar ta kori ƙarar da Hangari da Sulobakiya suka shigar a 2017. A aikace kuwa, cikin mutum dubu 160 da aka yi niyyar rabawa gaba ɗaya, waɗanda aka kai wasu ƙasashe ba su wuce kusan dubu 35 ba. A 2020 kotu ta yanke cewa Folan da Hangari da Jamhuriyar Cek sun karya doka, amma lokacin shirin ya riga ya mutu. Sai a 2024 aka cimma sabon tsari, wanda ya ba ƙasar da ba ta son karɓar mutane zaɓin biyan Yuro dubu 20 a kan kowane mutum ɗaya ko ba da wani taimako. Tarayyar ba ta da 'yan sandan da za ta tura Budapest, babban birnin Hangari, ba ta da sojan kanta, kasafin kuɗinta kuma bai wuce kusan kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da ƙasashen ke samarwa a shekara ba. Jami'an kwastan da alƙalai da masu duba kasuwa na ƙasashen su ne ke aiwatar da dokarta. Wanda ba shi da hannun aiwatarwa dole ya nemi yardar masu hannun tun kafin ya rubuta.

Mai ja da wannan magana zai ce, to yaya batun Hukumar, wadda babu talakan da ya jefa mata ƙuri'a amma ita ke riƙe da alƙalami? Ƙorafin yana da tushe. Wanda ya rubuta daftarin farko shi ya zaɓi tambayar da za a yi muhawara a kanta, kuma abin mamaki ne a ce majalisar da jama'a suka zaɓa ba ta da ikon gabatar da ƙudirin doka da kanta, sai dai ta roƙi Hukumar. Amma mu duba yadda Hukumar ke samuwa. Shugabannin ƙasashe ne ke gabatar da shugabanta, Majalisar Dokoki ta zaɓe shi, kamar yadda aka yi wa Ursula von der Leyen a 2019 da 2024. Kowace gwamnati ce ke ba da sunan kwamishinanta, kuma sai ya zauna gaban 'yan majalisa an yi masa tambayoyi. Tantancewar tana da haƙora: a 2004 ɗan takarar Italiya, Rocco Buttiglione, ya janye saboda adawar 'yan majalisa, a 2019 kuma suka ƙi Sylvie Goulard duk da cewa Shugaba Macron na Faransa ne ya kawo ta. A 1999 dukkan kwamishinonin da ke ƙarƙashin Jacques Santer suka ajiye aiki lokacin da ta bayyana majalisa na shirin tsige su kan zargin almundahana. Ko alƙalamin ma ba ya tafiya shi kaɗai. Hukumar ta kawo daftarin rage amfani da maganin feshi a gonaki da rabi, Majalisar Dokoki ta yi fatali da shi a Nuwambar 2023, manoma suka fito titi, a Fabrairun 2024 aka janye shi. Dokar hana sayar da sababbin motoci masu fitar da hayaƙi daga 2035 ta riga ta samu amincewar kowa, saura ƙuri'ar ƙarshe, sai Jamus ta tsaya a Maris na 2023, kuma ba a wuce ba sai da aka yi mata alkawarin sassauci. Hukumar da ake iya tsayarwa haka ba ta yi kama da mai mulkin kama-karya ba.

Ƙorafin da ya fi wuyar amsawa shi ne na kotu. A 1963 kotun Tarayyar da ke Luxembourg ta yanke cewa ɗan ƙasa na iya dogara da dokar Turai a gaban alƙalin ƙasarsa, a 1964 kuma, a shari'ar da wani lauyan Italiya mai suna Costa ya yi da kamfanin lantarki na ENEL, ta ce in dokar ƙasa ta ci karo da ta Turai, ta Turai ce a sama. Ba a rubuta wannan ƙarara a yarjejeniyar Rum ta 1957 ba, alƙalai ne suka fitar da shi, kuma wanda ya ce sun wuce gona da iri yana da abin faɗa. Hukuncin yana da nauyi a aljihu ma: a 2021 an ci Folan tarar Yuro miliyan ɗaya kullum kan sauye-sauyen da ta yi wa fannin shari'arta, a 2024 aka ci Hangari Yuro miliyan 200 kan dokokin ba da mafaka. Sai dai gwamnatocin sun sake rubuta yarjejeniyoyin sau da dama tun daga lokacin, a Maastricht da Amsterdam da Nice da Lisbon, kuma ba su taɓa soke wannan ƙa'ida ba. Dalilin a fili yake. Jamus tana son ta tabbata cewa in ta buɗe kasuwarta ga kayan Italiya, majalisar Italiya ba za ta wayi gari ta rufe tata ba. Kowace gwamnati tana jin zafin kotun ranar da hukunci ya faɗa kanta, tana kuma bukatarta a sauran ranaku don ta riƙe mata maƙwabta. Wanda ya ga abin ya ishe shi kuwa ƙofa a buɗe take, Birtaniya ta bi ta cikinta a Janairun 2020.

Wasu kuma daga ɗaya ɓangaren suke suka, suna cewa tsarin ya cika nawa. Gaskiya ne. Dokar kare bayanan jama'a a intanet an gabatar da ita a 2012, 'yan majalisa suka kawo gyare-gyare kusan dubu huɗu, aka zartar a 2016, ta fara aiki a Mayun 2018. Amma da ta fara, ta kama manyan kamfanonin duniya, har hukumar Ailan ta ci kamfanin Meta tarar Yuro biliyan 1.2 a 2023. Jinkirin da ya fi illa yana fannonin da har yanzu sai kowa ya yarda, kamar haraji da manufofin ƙetare da karɓar sabuwar ƙasa. A Disambar 2023 Viktor Orbán, firaministan Hangari na lokacin, shi kaɗai ya hau kujerar na ƙi a kan tallafin Yuro biliyan 50 ga Yukren, sai a Fabrairu aka shawo kansa. A 2016 majalisar yankin Wallonia na Beljiyam, mai mutane kusan miliyan uku da rabi, ta riƙe yarjejeniyar ciniki da Kanada na kwanaki. Masu wannan suka suna da hujja, amma su lura cewa hujjarsu ta rushe ta masu cewa Brussels na yin abin da ta ga dama. Ba zai yiwu ƙungiya ta zama azzalumar da ba a iya tsayarwa, kuma mutum ɗaya ya riƙe ta kusan wata biyu ba.

Inda nake ganin laifin gaske shi ne rufa-rufa. A ƙa'ida daftari na iya zagaya majalisun har sau uku a bainar jama'a. A aikace mafi yawan dokoki a zagaye na farko ake gama su, saboda wakilai ƙalilan daga Hukumar da majalisun biyu suna shiga ɗaki su rufe ƙofa, su yi ciniki, wani lokaci har asuba, su fito da rubutun da sauran za su amince da shi kawai. Wannan zama na ɓangarori uku ba ya cikin yarjejeniyoyin da suka kafa Tarayyar. Sai da wani tsohon ma'aikacin majalisa, Emilio De Capitani, ya kai ƙara, kotu ta yanke a 2018 cewa jama'a na da haƙƙin neman takardun irin wannan zama. A wannan shekara ta 2018 kuma mai sauraron koken jama'a ta Tarayyar, Emily O'Reilly, ta soki Majalisar Ministoci kan cewa ba ta rubuta matsayin da kowace ƙasa ta ɗauka a kwamitoci. Wa wannan duhu yake yi wa amfani? Gwamnatocin da ke son su ce eh a Brussels su ce a'a a gida, da kuma dubban masu kamun ƙafa na kamfanoni, waɗanda suka san lambar wayar wanda ke riƙe da kowane sakin layi. Ita ma Majalisar Dokoki ba ta fita ba, domin a Disambar 2022 'yan sandan Beljiyam sun kama tsabar kuɗi kusan Yuro miliyan ɗaya da rabi a binciken zargin sayen 'yan majalisa, har aka tsare wata mataimakiyar shugabar majalisar. Hanyoyin da aka buɗe wa jama'a kuwa ba su da ƙarfi. Majalisun ƙasashe na da mako takwas su ce daftari ya shiga hurumin da ba nasa ba, amma sau uku kacal suka taɓa haɗa adadin da ake bukata, a 2012 da 2013 da 2016, kuma sau ɗaya aka janye daftarin. Mutum miliyan ɗaya daga ƙasashe bakwai na iya sa hannu su nemi doka, amma Hukumar ba dole ta rubuta ba. Ba mamaki kusan rabin masu zaɓe suka zauna a gida a 2024.

Akwai kuma waɗanda in suka ce an ɗora musu doka, gaskiya suka faɗa ɗari bisa ɗari, su ne na waje, kuma mu muna cikinsu. Tun a 2015 Tarayyar ta dakatar da shigar busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari mai suna dichlorvos da aka yi ta samu a cikinsa. Irin wannan mataki Hukumar ce ke ɗauka, amma sai ya bi ta kwamitin ƙwararrun ƙasashen, kuma babu kujerar mai sayarwa a wurin. A 2023 aka kafa dokar hana shigo da kayan da aka sare daji don noma su bayan ƙarshen 2020, wadda ta shafi koko da kofi da manja da roba da waken suya da katako da shanu. Dokar na bukatar a nuna ainihin inda kowace gona take a taswira, abin da ke da sauƙi ga babban kamfani, yake da wuya ga ƙaramin manomin koko a Gana ko Kamaru ko kudancin Nijeriya. Ƙasashe 17, ciki har da Nijeriya da Gana da Kwaddibuwa, sun rubuta wasiƙar ƙorafi a Satumbar 2023. Ba a ɗage fara aiki da dokar daga ƙarshen 2024 ba sai da gwamnatocin cikin gida irin su Ostiriya da Jamus suka shiga kukan, saboda nasu manoman da kamfanonin. Ko a nan ma, abin da ya motsa Brussels shi ne muryar manyan biranen ƙasashenta.

Ga ma'aikatun ciniki da noma na ƙasashenmu, da ƙungiyoyin masu fitar da kaya, da jakadunmu da ke Brussels, lissafin a bayyane yake. Hukumar kan buɗe ƙofar jin ra'ayi na mako goma sha biyu kafin ta rubuta manyan dokoki, kuma na waje ma na iya aikawa. A kan dokar daji an samu amsoshi sama da miliyan ɗaya a 2020, mafi yawansu ta hannun ƙungiyoyin kare muhalli. A wannan mataki ya kamata a ji muryar mai koko da mai riɗi da mai citta, da alƙaluma a hannu, sannan a bi ministocin ƙasashen da ke sayen kayanmu ɗaya bayan ɗaya a Berlin da Paris da Hague, tun daftarin yana hannun kwamitoci.